Ƙunshin nano da gyaran tsokar zuciya: inda bincike ya kai, da abin da ya shafi mazauna nesa kamar Iferwan

Gabatarwa

Iferwan gari ne na lambuna a tsakiyar duwatsun Abzin, a gindin dutsen Tamgak, cikin jahar Agadas, kuma tun shekarar 2011 shi ne babban garin gundumarsa. Daga nan zuwa Agadas wajen kilometir 300 ne, babban yanki na hanyar kuwa ba kwalta. Zuwa Yamai, inda manyan asibitocin ƙasa su ke, tafiyar ta haura kilometir 1000.

Mu ɗauka wani mai lambu a wannan gari yana ban ruwa da hantsi, sai ya ji ƙirjinsa ya ɗaure kamar an aza masa dutse, zufa ta keto masa, ciwon ya gangara hannun hagu. In jijiyar da ke ciyar da zuciyarsa ce ta toshe, ƴan awowi ne kawai likitoci ke da su domin buɗe ta. Kafin a sami mota, kafin a kai shi inda kayan aikin su ke, waɗannan awowi sun wuce. In yana da sauran kwana zai tashi, amma da zuciyar da wani yanki nata ya mutu, ya koma tabo.

Wannan ƙasida tana magana ne a kan wata hanyar bincike da ke neman taimakon irin wannan zuciya bayan ɓarna ta auku, watau ƙunshe magani cikin wani abu ƙanƙane ƙwarai, a aika shi ta cikin jini zuwa inda ciwon ya ke. Za mu bayyana yadda tsokar zuciya ke lalacewa, da yadda ƙunshin ke aiki, da inda gwaje-gwaje suka tsaya. Daga baya za mu auna shi da irin ciwon zuciyar da ya fi yawa a ƙasashenmu. Ya kamata mai karatu ya riƙe abu ɗaya tun farko: har yanzu babu wani ƙunshi irin wannan da aka yarda a yi aiki da shi a asibiti domin sabunta tsokar zuciyar ɗan Adam. Mafi yawan abin da za mu ambata an gan shi ne a jikin dabbobi.

1. Kalmomin da muka yi aiki da su

Da ya ke fannin sabo ne a Hausa, mun zaɓi waɗansu kalmomi da za mu riƙa maimaitawa.

Ƙwayar halitta ita ce ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi. Akwai iri uku da suka shafe mu a nan: ƙwayoyin tsoka, masu motsa zuciya, ƙwayoyin shara, waɗanda ke cikin fararen ƙwayoyin jini, masu kwashe abin da ya mutu, da ƙwayoyin saƙa, masu saƙa zaren da ke zama tabo.

Nanometir awo ne. In aka raba milimetir ɗaya gida miliyon, kashi ɗaya shi ne nanometir.

Ƙunshin nano shi ne abin da a ke kira nanofartikul a harshen likitoci. Mun ce ƙunshi domin aikinsa ke nan: a sa magani ciki, a rufe, a kwance a wani wuri.

Saƙon ARN wata rubutacciyar umarni ce ta cikin jiki, wadda ke gaya wa ƙwayar halitta irin furotin da za ta ƙera. Ba ta daɗewa, cikin ƴan awowi ko kwanaki jiki ya kan narkar da ita.

2. Zuciya da yadda ta ke lalacewa

Zuciya tsoka ce da girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba. Tana bugawa wajen sau dubu 100 a yini ɗaya da kwana, tana tura jinin da ya kai litir dubu 7. Ita kanta tana bukatar jini, kuma tana samun sa ne ta waɗansu jijiyoyi da suka kewaye ta, kowace da yankin da ta ke shayarwa.

Mai lambu ya san wannan tsari. Ruwa na fitowa daga rijiya, ya bi babbar magudana, ya rarrabu zuwa fangali fangali. In magudana ɗaya ta toshe, fangalin da ke ƙarshenta ne ke bushewa, sauran lambun na nan kore. Haka ya ke a zuciya: kitse ya taru a bangon jijiya, wata rana ya fashe, jini ya daskare a wurin, sai yankin tsokar da ke gaba ya rasa iskar da jini ke kawo masa. Babbar toshewa guda tana iya kashe ƙwayoyin tsoka har miliyar ɗaya, watau miliyon dubu.

Inda misalin ya tsaya shi ne, mai lambu na iya sake shuka, zuciya kuwa da ƙyar ta ke sake tsiro. A 2009 masu bincike na cibiyar Karolinska, a ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Jonas Frisén, sun auna shekarun ƙwayoyin tsokar zuciya ta hanyar sinadarin kabon 14 da gwajin makaman nukiliya na shekarun 1950 da 1960 ya bari a jikin mutane. Sun gano cewa mai shekara 25 na sabunta wajen kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyin a shekara, mai shekara 75 kuwa bai kai rabin wannan ba. Wannan bai isa cike gurbin miliyar ɗaya ba.

Amma ba dukan halitta ke haka ba. A 2002 Kenneth Poss da abokan aikinsa sun nuna cewa wani ƙaramin kifi mai zane-zane, in aka yanke masa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ɗakin zuciyarsa, ya kan maido shi cikin wata biyu. A 2011 an nuna cewa jaririn ɓera ɗan kwana ɗaya na iya yin haka, sai dai in ya kai kwana bakwai ikon ya tafi. Wannan ya sa masana suka soma tunanin cewa ikon sabuntawa yana nan a kulle cikin ƙwayoyinmu, kuma mai yiwuwa a buɗe shi da saƙon da ya dace.

3. Lokaci biyu: na awowi da na makonni

Bayan toshewa akwai lokaci iri biyu da za a iya yin wani abu.

Na farko shi ne na awowi. Tun 1977 Keith Reimer da Robert Jennings suka nuna, a jikin karnuka, cewa mutuwar tsokar na somawa daga ciki bayan ƴan mintoci, tana faɗaɗa zuwa waje, kuma cikin awa 3 zuwa 6 mafi yawan ɓarnar ta gama. Shi ya sa likitoci ke gaggawar narkar da daskararren jinin da allura, ko su zura siririn bututu su buɗe jijiyar. Wannan magani yana ceton rai ƙwarai, amma na wanda ke kusa da babban asibiti ne.

Na biyu shi ne na kwanaki da makonni. A kwanakin farko ƙwayoyin shara na kwararowa, da yawansu daga saifa, su kwashe matacciyar tsoka. Wannan shi ne kumburi. Yana da amfani, amma in ya yi yawa ko ya daɗe sai ya taɓa tsoka mai rai. Daga nan ƙwayoyin saƙa su ɗinke wurin da zare, cikin mako 6 zuwa 8 tabo ya ƙosa. Tabon na hana zuciya fashewa, sai dai ba ya motsi. Sauran tsokar ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, a hankali zuciya ta buɗe, ta yi laushi. Bayan watanni ko shekaru mutum ya soma haki, ƙafafu su kumbura, ya kasa kwanciya sai a jingine. Wannan ita ce gazawar zuciya.

Mai lambun Iferwan ya rasa lokaci na farko tun bai bar gari ba. Lokaci na biyu kuwa yana iya cim masa, ko da tafiyar ta ɗauki kwana biyu. Babban ɓangare na binciken ƙunshin nano a kan wannan lokaci na biyu ya ke, kuma dalilin da ya sa ya shafi mazauna nesa ke nan.

4. Mene ne ƙunshin nano, kuma yaya ya ke aiki?

Ƙunshin da a ke sa magani ciki ya kan kai nanometir 10 zuwa 200. Jar ƙwayar jini wajen nanometir dubu 7 ce, kaurin gashin kai kuwa wajen dubu 80. Da za a faɗaɗa ƙunshi mai nanometir 100 har ya kai tsabar gero, da jar ƙwayar jini ta zama kamar ƙaramar ƙwarya, kaurin silin gashi kuma ya kusa tsawon mutum.

Irin wannan abu ba baƙo ba ne a rayuwarmu. A cikin madara akwai ƴan dunƙule-dunƙulen furotin masu wannan girma, suna riƙe da sinadarin da ke gina ƙashi, kuma su ne ke haɗuwa su zama cuku. Sabulu ma haka ya ke aiki: yana kewaye maiƙo, ya tafi da shi cikin ruwa. A tsakiyar shekarun 1960 Alec Bangham, a kusa da Kambirij ta Ingila, ya lura cewa wani irin kitse, in aka kaɗa shi cikin ruwa, ya kan naɗe kansa ya zama ƴan ƙwallaye masu rami a ciki. Su a ke kira lifozom, kuma su ne mafarin wannan fanni. Yau ana yin ƙunshin da kitse, ko da wata roba da ke narkewa a jiki, ko da sinadarin ƙashi, ko da ƙarfe.

Domin fahimtar amfaninsa, mu dubi ayarin gishiri da ke tashi daga Abzin ya ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma. Abu uku ke sa kantu ya isa kasuwa: a naɗe shi da kyau kada ya farfashe, a sami madugu da ya san hanya, a kuma sauke kaya a zangon da aka nufa. Ƙunshin nano na neman yin waɗannan ayyuka uku.

Na ɗaya, kariya. Saƙon ARN da aka zuba tsirara cikin jini ba ya daɗewa, jiki na yayyanka shi nan da nan. Cikin ƙunshi yana tsira.

Na biyu, jagora. A inda tsoka ta ji rauni, bangon ƙananan jijiyoyi na yin ƴan kafofi na ɗan lokaci, ƙunshin na iya zurarewa ta nan. Ƙwayoyin shara kuma na haɗiye shi su tafi da shi wurin ciwon. Ana iya ƙara masa wata alama a baya, wadda ke manne wa irin ƙwayar halitta ɗaya kaɗai.

Na uku, sauke kaya a hankali. Ana iya ƙera ƙunshin ya riƙa sakin magani cikin kwanaki, maimakon a zuba duka lokaci guda.

Girma yana da muhimmanci. Abin da bai kai nanometir 6 ba, ƙoda na tace shi ya fita cikin fitsari. Abin da ya yi girma da yawa kuwa, hanta da saifa na kame shi.

5. Waɗanda suka riga suka shiga asibiti

Ko da ya ke na gyaran zuciya bai iso ba, akwai ƙunshin nano da likitoci ke aiki da su tun da daɗewa.

A 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da Doxil, watau maganin ciwon daji doksorubisin cikin lifozom. Wannan magani, in aka ba da shi tsirara, yana iya lalata tsokar zuciya. Cikin ƙunshi kaɗan ne ke shiga zuciya, don haka ɓarnar na raguwa. A nan amfanin ƙunshin shi ne kawar da magani daga zuciya.

AmBisome kuma maganin amfoterisin ne cikin lifozom. Ana ba da shi ga masu cutar kala-azar da masu wani irin sanƙarau da ke kama masu cutar sida, kuma bai kai tsohon samfurin cutar da ƙoda ba.

A 2018 aka yarda da patisiran, ƙunshin kitse mai ɗauke da guntun ARN da ke hana hanta ƙera wani furotin mai suna tiranstiretin. A jikin waɗansu mutane wannan furotin na lanƙwashewa, ya taru a jijiyoyin ji da cikin zuciya. An yarda da maganin ne domin ciwon jijiyoyin. Yana da kyau mu sani cewa ɗaya daga cikin nau'o'in gadon wannan cuta, wanda ya fi taɓa zuciya, asalinsa Afirka ta Yamma ne, kuma ana samun sa a jikin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙar fatar Amurka.

Daga ƙarshen 2020 alluran rigakafin korona na Pfizer da BioNTech da na Moderna suka kai ƙunshin kitse mai saƙon ARN jikin ɗaruruwan miliyoyin mutane. Wannan ya tabbatar da cewa ana iya ƙera shi da yawan gaske.

6. Gwaje-gwaje a kan zuciya

Za mu kawo misali biyar, kowane da darasinsa.

a) Rage kumburi. A 2011 masu bincike a Boston, tare da Matthias Nahrendorf, sun sa guntun ARN cikin ƙunshin kitse domin toshe wata alama da ƙwayoyin shara masu zafi ke bi su isa wurin rauni. A jikin ɓeraye, yankin zuciyar da ya mutu ya ragu.

b) Ta da tsoka daga barci. A 2019 ƙungiyar Mauro Giacca ta ba aladu masu toshewar jijiya wani ɗan ƙaramin ARN da ke sa ƙwayoyin tsoka su soma rabuwa. Bayan wata ɗaya zuciyar ta ƙara ƙarfi, tabon ya ragu. Amma an aika saƙon ne ta cikin wata ƙwayar birus, wadda ke ci gaba da ba da umarni ba tsayawa. Wajen mako na 7 zuwa na 8 mafi yawan aladun suka mutu farat ɗaya, domin bugun zuciyarsu ya rikice. Darasin shi ne, saƙon sabuntawa dole ya zo ya wuce. A nan ƙunshin nano ya fi birus, domin kayansa na ƙarewa.

c) Rage tabo. A watan Janairu na 2022 masu bincike na jami'ar Pensilbaniya, ƙarƙashin Jonathan Epstein, sun ba ɓeraye allura ɗaya ta ƙunshin kitse mai alamar da ke manne wa waɗansu sojojin jini. Saƙon da ke ciki ya koya wa sojojin, na ƴan kwanaki, su farauci ƙwayoyin saƙa da suka wuce gona da iri. Tabo ya ragu, aikin zuciya ya gyaru. Abin lura gare mu shi ne, an lalata zuciyar waɗannan ɓeraye ne da magungunan da ke ta da hawan jini.

d) Shaƙa ta huhu. A 2018 Michele Miragoli da Daniele Catalucci, a Italiya, sun ƙera ƙunshi da sinadarin ƙashi, ƙasa da nanometir 50, wanda a ke shaƙa. Jinin da ya bar huhu zuciya ya ke nufa kai tsaye, don haka kayan na isa kafin hanta ta tare su. Sun ga aikin zuciya ya gyaru a jikin ɓeraye masu ciwon suga, sun kuma tabbatar da isar ƙunshin a zuciyar aladu.

e) A jikin mutum. Kamfanonin AstraZeneca da Moderna sun gwada saƙon ARN mai sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, a kan mutum 11 da a ke yi wa aikin zuciya. Sakamakon da aka bayyana a 2021 ya nuna ba a ga wata babbar illa ba, amma adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci kan amfani. Saƙon ba ya cikin ƙunshi, shi ya sa sai da aka buɗe ƙirji aka soka shi cikin tsokar kanta. Wannan na nuna gurbin da a ke so ƙunshi ya cike.

7. Matsalolin da suka rage

Babbar matsala ita ce hanta. Ita ce zangon da mafi yawan ayarin ke tsayawa. A 2016 ƙungiyar Warren Chan ta jami'ar Toronto ta tattara gwaje-gwajen shekara goma a kan ciwon daji a jikin dabbobi, ta gano cewa a tsakaice kashi 0,7 cikin 100 ne kawai na ƙunshin da aka zuba ke isa ƙarin. Zuciya ma tana da tata wahalar: jini na ratsa ta da gudu, kuma yankin da a ke son kai wa magani shi ne wanda hanyarsa ta toshe.

Ta biyu, ɓera ba mutum ba ne. Zuciyarsa na bugawa sau 500 zuwa 600 a minti, kuma ɓerayen gwaji matasa ne masu lafiya, ba su da suga ko ciwon ƙoda. Magunguna da yawa sun yi aiki a kansu, suka gaza a asibiti.

Ta uku, haɗari. Tabo na da aikinsa. In aka hana saƙa da wuri bayan toshewa, bangon zuciya na iya yagewa. Waɗansu mutane kuma jikinsu na ƙin sinadarin da a ke shafa wa ƙunshin a baya.

Ta huɗu, zafi da kuɗi. Allurar Pfizer, da ta fito, sai an ajiye ta a sanyin digiri 70 ƙasa da sifiri. Patisiran kuwa an sa masa kuɗi dalar Amurka dubu 450 a shekara ga mutum ɗaya, watau fiye da sefa miliyon 200.

8. Ciwon zuciyar ƙasashenmu

Mafi yawan wannan bincike an gina shi ne a kan toshewar jijiya, domin ita ce ta fi kashe mutane a Turai da Amurka. Tana ƙaruwa a biranenmu, amma ba ita ce kan gaba ba. Wani bincike da aka buga a 2012, a kan majinyata 1006 masu gazawar zuciya a ƙasashe 9 na Afirka, har da Najeriya da Senegal, ya nuna hawan jini ne sanadi a wajen kashi 45 cikin 100, ciwon ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara wajen kashi 14, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Matsakaicin shekarun majinyatan 52 ne, watau mutane masu iyali a wuyansu.

Akwai kuma cutar da ƙasar Hausa ta yi suna da ita a littattafan likita: gazawar zuciyar mai jego. Mace ta haihu lafiya, bayan makonni ta soma haki da kumburi. A 1978 Davidson da Parry, na jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun bayyana mata 224 masu wannan ciwo, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun nuna a 1992 cewa jinin waɗannan mata na da ƙarancin sinadarin seleniyom. A Sakkwato, binciken 2007 ya sami mace ɗaya cikin haihuwa kusan 100. A Kano, Kamilu Karaye ya jagoranci rajistar masu ciwon ta Najeriya, wadda ta nuna alaƙa mai ƙarfi da rama, da rashin karatu, da hawan jinin masu ciki. A gwajin da ya buga a 2020, ƙarin seleniyom ya rage alamun ciwon.

Ina ƙunshin nano ya shigo? A 2007 Denise Hilfiker-Kleiner, a Hanoba ta Jamus, ta nuna cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono na iya tsinkewa ya bar wani guntu mai lalata ƙananan jijiyoyin zuciya. A 2013 masu bincike na jami'ar Liyej, a Beljiyam, suka gano cewa jijiyoyin da suka ji wannan rauni na aika wani ɗan ƙaramin ARN zuwa ƙwayoyin tsoka, cikin ƴan ƙunshe-ƙunshen kitse da jiki ke yi da kansa. Watau cutar ma da ƙunshin nano ta ke aika saƙonta.

Wannan yana da ma'ana a aikace. Maganin da a ke gwadawa a kan wannan hanya, buromokiriftin, yana ƙafar da nono. A ƙauyen da ba madarar gwangwani, ba tsabtataccen ruwa, ƙafar da nonon uwa sa ran jariri ne cikin haɗari. A gwajin Liyej, da aka toshe ɗan ƙaramin ARN ɗin shi kaɗai a jikin ɓeraye, ciwon ya yi sauƙi, nono kuma bai tsaya ba. Maganin da zai ceci uwa bai yaye ɗa ba, irinsa ne ya kamata masu bincikenmu su sa wa ido.

Game da hawan jini, tabon da ya ke haddasawa a warwatse ya ke cikin tsokar, kuma irinsa ne gwajin Pensilbaniya ya taɓa. Ƙofar zuciyar da ta riga ta lalace kuwa, babu ƙunshin da zai gyara ta, sai aikin tiyata.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ganin akwai sharuɗɗa huɗu kafin ƙunshin nano ya amfani gari kamar Iferwan. Ya kasance an gwada shi a kan cututtukan da ke damun mu, a jikin mutanenmu. Ya jure zafi, kamar a busar da shi ya zama gari. Ya zama wanda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya ba da shi, ta allurar jijiya ko ta shaƙa, kwanaki bayan ciwon ya soma. Kuɗinsa kuma ya yi daidai da aljihun ƙasa.

Mun taɓa ganin an cika irin waɗannan sharuɗɗa. Rigakafin sanƙarau MenAfriVac, ko da ya ke ba ƙunshin nano ba ne, an ƙera shi ne musamman domin ƙasashen Sahel, a Indiya, kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba. A ƙarshen 2010 aka soma ba da shi a Burkina Faso da Mali da Nijar, a 2012 kuma aka yarda a riƙe shi kwana huɗu cikin zafin digiri 40 ba firiji. Abin da ya kawo wannan shi ne an faɗi sharuɗɗan tun kafin a soma ƙera shi. Jami'o'inmu na iya yin nasu rabon tun yanzu: su ƙidaya masu ciwon zuciya a jahohi, su bi diddigin masu jego, su horar da ma'aikata a kan na'urar hoton zuciya. Duk inda ba a san adadin majinyata ba, ba a kai gwaji can.

Kafin nan, abin da ke hannu shi ne hana ɓarnar aukuwa. A auna hawan jini, wanda aka sa wa magani ya riƙa sha kullum ko ba ya jin ciwo. A rage gishiri da kanwa da taba. Yaro mai ciwon maƙogwaro da zazzaɓi a kai shi asibiti, domin fenisilin na iya kare ƙofofin zuciyarsa. Mai jegon da ta soma haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko tari ya hana ta kwanciya, kada a ce gajiyar haihuwa ce, a kai ta a duba. Wanda kuma ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, a kama hanya da shi nan take, domin ko an rasa awowin farko, akwai magungunan da ke rage buɗewar zuciya in aka soma su cikin kwanakin da suka biyo baya.